Wayar Shekara Ɗaya, Bashin Shekara Uku

Manyan kamfanonin ƙera wayar hannu suna fitar da sabon samfuri kusan kowace shekara. Apple yakan baje sabuwar iPhone a watan Satumba, Samsung kuma yakan fito da jerin Galaxy S a farkon shekara. Kamfanonin layi a Amurka da Birtaniya da Kanada kuwa sun daɗe suna ɗaure mai sayen waya da yarjejeniyar wata 24, yanzu ma har akwai ta wata 36. Kafin mutum ya gama biyan wayar da ke aljihunsa, an haifo mata ƙanne biyu ko uku, tasa ta koma tsohon yayi. Daga wannan saɓani na lissafi ƙorafin masu waya a waɗancan ƙasashe ya samo asali, kuma sun kusa shekara ashirin suna yin sa.

Tsarin baƙo ne ga mai waya a Najeriya ko Nijar. A nan mutum yakan je kasuwa ya sayi wayarsa da kuɗinsa, ya yanki layi, ya riƙa sa kati ko sayen data gwargwadon aljihunsa. Ran da kamfanin layi ya ɓata masa rai, sai ya cire layin ya sa wani, shi ya sa ma waya mai layi biyu ta karɓu. A can akasarin mutane sun saba karɓar waya daga hannun kamfanin layin kansa. A tsohon tsarin, ana ba su ita a kan ɗan kuɗi kaɗan, wani lokaci ma a ce kyauta ce, su kuma su sa hannu cewa za su riƙa biyan wani adadi duk wata har wa'adi ya cika. A cikin kuɗin watan nan aka cusa kuɗin kira da na data da sauran kuɗin wayar, ba tare da an rarrabe wa mai biya ko nawa ne na wane ba.

Tarihin iPhone ya nuna yadda abin yake aiki. Ta farko ta shiga kasuwar Amurka a ranar 29 ga Yuni, 2007, kuma kamfanin layi ɗaya ne kaɗai, wato AT&T, yake da ikon sayar da ita, bisa yarjejeniyar shekara biyu. Mai babban rumbu dala 599 ce. Mutane suka kwana a layi don su riga kowa. Ba a cika wata uku ba, a farkon Satumba, Apple ya zaftare dala 200 daga farashin. Waɗanda suka yi sammakon saye suka fusata, har sai da shugaban kamfanin na lokacin, Steve Jobs, ya rubuta musu wasiƙa, aka ba kowannensu takardar sayayya ta dala 100. Shekara na zagayowa aka fito da iPhone 3G, wadda ta fi ta farko saurin intanet, a kan dala 199 kacal. Wanda ya sayi ta farkon yana da sauran shekara guda cur a wuyansa.

Dala 199 ɗin nan ita ta zama farashin da Amurkawa suka sani na shekaru da dama, alhali ba shi ne kuɗin wayar ba. Wanda ya so sayen iPhone 5 a 2012 ba tare da yarjejeniya ba, dala 649 zai ajiye. Bambancin dala 450 kamfanin layi ne ke biya wa Apple tun da fari, sannan ya tsinto abinsa daga kuɗin wata, wajen dala 19 a kowane wata na tsawon shekara biyu. Bashi ne dai, sai dai ba a kira shi da sunansa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, idan wa'adin ya cika kuɗin watan ba ya sauka. Wanda ya ci gaba da riƙe tsohuwar wayarsa yana ci gaba da biyan kuɗin abin da ya riga ya mallaka. Saboda haka tsarin da kansa yake tura mutum ya karɓi sabuwa ya sake sa hannu, domin zama da tsohuwar asara ce.

Fita kafin wa'adi kuma tana da tara. A 2009 kamfanin Verizon ya ninka tarar masu manyan wayoyi zuwa dala 350, AT&T ya bi sahu da dala 325 a 2010. Bayan tara akwai makulli: ana kulle wayar ta yadda ba za ta karɓi layin wani kamfani ba. A farkon 2013 buɗe irin wannan makulli ba da izinin kamfani ba ya zama saɓa doka a Amurka, bayan da wani rangwame a dokar haƙƙin mallaka ya ƙare. Mutane sama da 100,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa fadar White House, kuma a Agustan 2014 Shugaba Barack Obama ya rattaba hannu a dokar da ta mayar da halaccin buɗewa.

Kanada ta fi kowa tsawon igiya a wancan zamani, don a can yarjejeniyar shekara uku ce ruwan dare. Hukumar sadarwar ƙasar, CRTC, ta fitar da ƙa'ida a 2013 wadda ta ba kowa damar ficewa bayan shekara biyu ba tare da tara ba. Daga Disamban 2017 ta haramta karɓar kuɗin buɗe waya, ta kuma wajabta a sayar da sababbi a buɗe. Tarayyar Turai ta riga ta iyakance wa'adi a wata 24 tun garambawul ɗin dokokin sadarwa na 2009.

Birtaniya ta cancanci a ɗan dakata a kanta, domin a can ne aka ƙirga ɓarnar da alƙaluma. Ƙungiyar ba da shawara ga jama'a ta Citizens Advice ta bayyana a 2018 cewa kimanin mutum miliyan 4 an ci gaba da cajinsu kuɗin wayoyin da suka riga suka gama biya, abin da ya tasam ma fam miliyan 490. Tsofaffi na cikin waɗanda abin ya fi ritsawa da su, su da ba sa bibiyar ranar da wa'adi zai cika, ba kuma sa rawar jikin canza waya. Hukumar sadarwar ƙasar, Ofcom, ta tilasta wa kamfanoni, daga Fabrairun 2020, su riƙa aika wa mutum saƙo idan yarjejeniyarsa ta kusa ƙarewa, su faɗa masa nawa yake biya da kuma tsarin da ya fi sauƙi. A Disamban 2021 ta hana sayar da waya a kulle. Sai ga wata ƙofar ta buɗe. Kamfanoni suka riƙa rubuta wa mai saye, a cikin ƙananan rubutun da ba kowa ke karantawa ba, cewa duk shekara kuɗin wata zai ƙaru da adadin hauhawar farashi, da ƙarin kashi 3.9 cikin ɗari a kai. Muddin farashi na kwance, ba wanda ya damu. Da tsadar rayuwa ta yi tashin gwauron zabi, a bazarar 2023 masu layin EE suka ga ƙarin kashi 14.4, na O2 kuma har kashi 17.3 a ɓangaren kuɗin kira da data, ga shi ba damar ficewa sai da tara. Daga 17 ga Janairu, 2025, Ofcom ta hana wannan salo a sababbin yarjejeniyoyi: duk ƙarin da za a yi, a rubuta shi ƙarara da fam da kwabo tun ranar sa hannu. Ba ta hana ƙarin kansa ba.

A Amurka gasa ce ta karya tsohon tsarin, ba hukuma ba. A Maris ɗin 2013 kamfanin T-Mobile, wanda yake bayan manyan biyu, ya sanar da soke yarjejeniyar shekara biyu, ya raba kuɗin waya da kuɗin layi. Verizon ya bi a 2015, AT&T a farkon 2016. An yi murna, kuma da dalili, don a karon farko mai saye ya ga ainihin farashin abin da yake riƙe da shi. Murnar ba ta daɗe ba. Biyan kuɗin waya kaɗan-kaɗan ya fara da wata 24, ya koma 30, sannan AT&T ya mayar da shi 36 a 2021, Verizon ma haka a 2022. Kalmar "kyauta" ta dawo cikin talla da sabuwar riga. Misali, a ce waya ta dala 800: kamfani zai rubuta wa mutum bashinta a wata 36, wajen dala 22 duk wata, sannan ya riƙa yafe masa dala 22 ɗin wata bayan wata, muddin yana kan layinsu kuma a kan tsari mai tsada. Idan ya tashi bayan shekara ɗaya, yafiyar ta tsaya, ragowar sama da dala 500 ta hau kansa nan take. Ba a kira wannan tara ba, amma ya fi tsohuwar tarar nauyi, wa'adin kuma ya ƙaru da shekara guda. An gudu ne ba a tsira ba.

Su kuma masu ƙera wayar, fitar da sabuwa duk shekara ya zame musu dole, domin kaso mai tsoka na ribarsu daga nan yake fitowa, masu hannun jari kuma suna jiran lissafi duk wata uku. A shekarun farko canjin na gaske ne. Tsakanin 2008 da 2014 iPhone ta samu intanet mai sauri, ta samu kyamarar gaba, ta samu na'urar karanta zanen yatsa, fuskarta ta ƙara faɗi. Wanda ya tsallake samfuri biyu ya san an bar shi a baya. Daga baya sai tazarar ta tsuke. Yau idan aka ajiye wayar bana kusa da ta bara, mai saye na iya rasa bambanci in ban da ɗan ƙarin kyawun hoto da sabon launi. Farashi kuwa bai tsaya ba: a 2017 iPhone X ta fito a kan dala 999, kuma tun daga nan waya mai dala 1,000 ta daina ba kowa mamaki. Tsadar ce ta sa aka tsawaita wa'adin bashi, don kuɗin wata ya ci gaba da kama da ƙarami. Apple ma ya buɗe nasa tsarin a 2015, inda mai biya wata-wata zai iya mayar da tasa ya karɓi sabuwa bayan biya 12. Mai wannan tsari kullum da sabuwar waya yake, kuma kullum da bashi.

Da a ce sha'awar yayi ce kaɗai ke tura mutane, da sai a ce kowa ya kama zuciyarsa. Amma ita wayar tana da nata ajalin, kuma abu biyu ne ke kawo shi. Na farko batir. Batirin lithium yana raguwa da kowane caji. Apple ya ce na tsofaffin samfuransa zai riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, wanda ga mai yawan latsa waya bai wuce shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ba. A da, ana ɓalle murfin baya a sa wani batirin cikin minti ɗaya. Yanzu an manne shi da gam a cikin gilashi, sai mai gyara da kayan aiki. Na biyu manhaja. Shekaru da dama wayoyin Android, har da masu tsada, ba sa samun sabuntawa fiye da shekara biyu ko uku, masu araha kuwa wasu ko sau ɗaya ba sa gani. Da zarar an daina sabunta waya, ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi sukan zauna a buɗe, manhajojin banki su fara ƙin aiki, daga baya WhatsApp ma ya juya mata baya, kamar yadda ya yi wa iPhone 5s da iPhone 6 a 2025. Wayar da fuskarta ba ko kwarzane sai ta tashi daga aiki.

Zargin cewa da gangan ake tsufar da waya ya samu ƙarfi a Disamban 2017, lokacin da Apple ya amsa cewa manhajarsa tana rage saurin wasu tsofaffin iPhone. Hujjarsa ita ce batirin da ya gaji ba ya iya ɗaukar nauyi, wayar takan mutu ba zato, rage saurin kuma yana hana hakan. Ta fuskar fasaha maganar tana da tushe. Laifin shi ne ba a faɗa wa kowa ba, ga kuma mutane da yawa da suka ga wayarsu ta yi nauyi suka sayi sabuwa, alhali canjin batir ya ishe su. Kamfanin ya sauke kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 a 2018. Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10, Samsung kuma miliyan 5, a Oktoban wannan shekarar, kan sabunta manhajar da ta raunana tsofaffin wayoyi. Faransa ta ci Apple yuro miliyan 25 a 2020, kuma a Amurka ya amince ya biya har dala miliyan 500 don kashe ƙarar da masu saye suka shigar.

Masu saye sun mayar da martani ta hanyar da ta fi kowace ƙara tasiri: suka rage saye. Wayoyin zamani da aka fitar kasuwa a duniya sun kai ƙololuwa a 2016, kusan biliyan 1.5, amma a 2023 ba su kai biliyan 1.2 ba. Riƙe waya shekara uku ko huɗu ya zama abin da aka saba. Kamfanoni suka karanta alamar. Google ya yi alƙawarin sabuntawa na shekara bakwai ga Pixel 8 a Oktoban 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a Janairun 2024. Tarayyar Turai ta mayar da abin doka: wayoyin da aka shigar kasuwarta daga 20 ga Yuni, 2025, dole batirinsu ya riƙe kashi 80 bayan caji 800, a tanadi kayan gyaransu na shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, a kuma ci gaba da sabunta manhajarsu na aƙalla shekara biyar. A duk gyare-gyaren da aka yi, wannan ne ya taɓa tushen matsalar, domin tsawon ran wayar ya ƙara, ba salon biyan kuɗinta ya sauya ba. Yana kuma da amfani ga muhalli: mafi yawan hayaƙin da waya ke jawowa a rayuwarta daga ƙera ta yake fitowa, ba daga cajinta ba, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa daga tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki da aka tara a 2022, ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu aka sake sarrafawa ta hanyar da aka tantance.

Wayoyin da ake mayarwa a shagunan Landan da New York ba duka ke tafiya shara ba. Ana tattara su, a tantance, a sayar wa dillalai da yawa, wasu su bi ta Dubai ko Hong Kong, su sauka a Computer Village ta Ikeja, daga nan su bazu zuwa Farm Centre da titin Beirut a Kano da sauran kasuwanni. Gaggawar canji da ke damun mai waya a can ita ke cika teburin mai sayar da ta hannu a nan. Sai dai sukan iso da sauran igiyarsu. Shi ya sa wanda ya san kan ciniki ba ya tsayawa a kyawun jiki. Zai shiga saiti ya duba lafiyar batir, ya ga ko tana sama da 80 ko ta gangaro. Zai tabbatar tsohon mai ita ya fita daga asusunsa na iCloud, in ba haka ba wata rana ta kulle ba mai buɗewa. Zai ciro layinsa ya sa a gaban mai shago, ya jira sabis ya hau, ya buga kira. Idan ya ga wani siririn falle a ƙarƙashin layin, to wayar a kulle take da wani kamfanin waje, dabara ce aka yi mata, kuma tana iya daina karɓar layi bayan an sabunta ta ko an goge ta. Irin wannan ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa wayar da ba a gama biyan bashinta a can ba ce. Wasu kuma ba su da ramin layi sam, domin tun daga iPhone 14 ta 2022, samfurin Amurka da layin eSIM kaɗai yake aiki.

Bashin waya da kansa ya iso Afirka, ta wata hanyar daban. Kamfanoni irin su M-KOPA, wanda ya fara a Kenya da fitilun sola, da Easybuy a Najeriya, suna ba da waya bayan an biya kafin alƙalami, sauran a riƙa biya kullum ko mako-mako ko wata-wata. Jinginar ita ce wayar: an sa mata manhajar da ke kulle ta daga nesa ranar da biya ya tsaya, ta buɗe idan an biya. Tun da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, farashin waya ya yi sama, tsarin ya ƙara samun kasuwa, kuma ba a musun cewa ya sa wayar zamani a hannun ɗan acaɓa da mai sayar da abinci da ba za su iya tara kuɗinta a dunƙule ba. Wa'adinsa ya fi na Amurka gajarta, galibi watanni ne zuwa shekara, kuma ba ya ɗaure mutum da kamfanin layi na shekaru. Amma jimillar abin da ake biya ta kan zarce farashin kuɗi hannu sosai, wayoyin da ake bayarwa kuma akasari ƙanana ne, irin waɗanda ba sa samun dogon alƙawarin sabuntawa, don shekara bakwai ɗin Google da Samsung a manyan samfura aka fara ta. Tecno da Infinix da Itel, waɗanda duka na kamfanin Transsion na Shenzhen ne kuma su ke riƙe da kaso mafi girma na kasuwar Afirka, su ma kusan duk shekara suke sake lambar Spark da Camon da Hot da Note.

Duk wanda zai karɓi waya a kan bashi, ya nemi a rubuta masa jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe, ya ajiye ta kusa da farashin kuɗi hannu, ya ji abin da zai faru idan wayar ta ɓace ko ta lalace kafin ya gama, sannan ya tambayi shekarar da aka fitar da samfurin da shekarar da za a daina sabunta shi, kafin ya sa hannu.